Kwamfuta ta tashi, fanka na juyawa, amma ekran baƙi: yadda ake gano inda matsalar take

Ka danna maɓalli, fitilar gaba ta kama, fanka tana juyawa har kana jin ƙararta, amma ekran yana nan baƙi ƙirin. Mai shagon buga takardu a bakin kasuwar Garwa, da sakataren makaranta a Marwa, da mai tsara katin biki a Njamena, duk sun san wannan faɗuwar gaban, balle in aikin mutane ne a ciki kuma gobe za su zo karɓa. Abu na farko da nake so hankalinka ya kwanta a kai shi ne, baƙin ekran ba ya nufin takardunka sun tafi. Suna nan kan disk, ma'ajiyar da ke cikin kwamfutar, shi kuwa disk ba shi da hannu wajen fitar da hoton farko. Lafiyayyar kwamfuta, ko an cire mata disk ɗungurungum, za ta nuna tambarin kamfaninta, sannan ta rubuto cewa ba ta sami abin da za ta tashi da shi ba. Don haka duk wanda ya ce a bari ya goge komai ya sa sabon Windows, alhali ekran bai nuna ko harafi ɗaya ba, ɗauki kayanka ka yi gaba.

Sanin abin da ke faruwa a daƙiƙun farko shi ne rabin gyaran. Akwatin wuta yana karɓar wutar bango, wadda a Kamaru da Cadi volt 220 ce, ya sauke ta zuwa volt 12 da 5 da 3.3. Daga nan wani ɗan shiri mai suna BIOS, wanda ke zaune a kan kat-mer, wato babban farantin da komai ke maƙale a jikinsa, sai ya farka ya bi sassa ɗaya bayan ɗaya: furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita, sannan sashen hoto. Sai ukun nan sun amsa kafin hoto ya fita. Ita fanka ba ta jiran kowa, da ta sami volt 12 za ta kama juyi. Juyawarta shaida ce cewa wuta ta shiga, iyakar shaidarta ke nan.

Tsarin binciken ɗaya ne: daga waje zuwa ciki, daga mai arha zuwa mai tsada, kuma abu ɗaya a lokaci ɗaya. Mai babur ba ya sauke inji kafin ya leƙa tanki. In ka taɓa abu uku a tare kwamfuta ta tashi, ba ka san wanne ne ya yi maganin ba, ran da ta sake yi kuma ka koma farko. Ka tanadi sukudireba mai baki huɗu, tocila, busasshen buroshin fenti mai laushi, robar goge fensir, da sabon batir CR2032. In akwai maltimita, na'urar auna wuta, a kusa, madalla.

Fara da ekran da wayarsa

Dubi 'yar fitilar da ke ƙasan ekran. In ba ta kama ba ko kaɗan, ekran ɗin ne bai sami wuta ba. Yawancin tsofaffin ekran wayar wutarsu iri ɗaya ce da ta kwamfutar, mai ramuka uku, sai ka musanya su ka gani. In fitilar ruwan goro ce ko tana ƙiftawa, ekran yana da rai, jiran saƙo yake yi daga kwamfuta. Danna maɓallin Menu da ke jikinsa. In 'yar tagar saiti ta bayyana, ko ya rubuto "Pas de signal" ko "No signal", to gilashinsa da fitilarsa lafiya lau. Nemi maɓallin Source ko Input, ka tabbata ƙofar da yake saurare ita ce wadda ka sa waya a ciki. Sau da yawa yaro ne ko mai shara ya danna, ekran yana sauraren HDMI alhali wayarka VGA ce.

Akwai wani yanayi da ke ruɗin mutane: fitilar ekran kore ce ko shuɗiya, alamar yana karɓar saƙo, amma duhu. Kashe fitilar ɗaki, ka haska tocila dab da gilashin ta gefe. In ka hango inuwar rubutu ko tambari can ciki, fitilun bayan gilashin ne suka mutu. Kwamfutarka ba ta da laifi, ekran za ka kai gyara.

Yanzu waya. Cire ta a duka ɓangarorin biyu ka duba. Kan VGA shuɗi ne, mai layi uku na allurai. Allura ɗaya da ta lanƙwashe ta isa ta hana hoto ko ta canza masa launi. Amma in ka ga gurbi ɗaya babu allura a layin tsakiya, kada ka damu, wayoyi da yawa haka aka ƙera su. Mayar da ita, ka ɗaure sukurorin nan biyu. In waya biyu ce ta tashi daga kwamfutar zuwa ekran ɗaya, misali VGA da DVI, cire ɗaya. Masu amfani da 'yar na'urar sauya kai su sani cewa yawancinsu hanya ɗaya suke bi: wadda ke ɗaukar HDMI ta mayar VGA ba ta yin akasin haka. Kwamfutocin ofis na Dell da HP da ke shigowa gwanjo ta Duwala ko ta kan iyakar Najeriya, da yawansu DisplayPort gare su. Ya yi kama da HDMI amma kusurwa ɗaya ce kawai a yanke, kuma kan wayarsa yana da maƙulli da sai an danna yake fita. Na ga ƙofofi da dama da aka ɓalle saboda an fizge da ƙarfi.

Sai kuskuren da ya fi kowanne sauƙin gyara. Leƙa bayan kwamfutar. In akwai ƙofofin hoto a wuri biyu, wasu a sama tare da na USB, wasu can ƙasa su kaɗai, to kwamfutar tana da katin hoto na daban, kuma a na ƙasan ake sa waya. Da an sa kati, yawancin kwamfutoci kashe ƙofar sama suke yi. Wannan yakan faru bayan an yi ƙaura ko an fitar da kaya an share ɗaki.

Kafin ka bar wannan mataki, gwada wani ekran ko talabijin mai HDMI, da wata waya da ka san tana aiki. Aron na maƙwabci na minti biyar ya fi zato na wuni guda.

Tambayi kwamfutar da kanta

Kwamfutar da ba ta iya nuna hoto tana da wasu hanyoyin magana. Sa kilabiye, wato allon maɓallan rubutu, mai waya, ka kunna, ka jira minti ɗaya, sannan ka danna Verr Num, wanda a kilabiyen Ingilishi aka rubuta Num Lock. In 'yar fitilarsa tana kamawa tana mutuwa yadda kake dannawa, alama ce mai ƙarfi cewa kwamfutar ta wuce bincikenta na farko, matsalar tana hanyar hoto ne: kati, ƙofa, waya ko ekran. Haka in ka ji sautin tashin Windows a lasifika. In kuwa fitilar ba ta motsa ba, to a can farko ta maƙale, aikin na ciki ne.

Saurari fanka ma. Lafiyayyar kwamfuta takan yi ƙara na ɗan lokaci sannan ta lafa. Wadda ta ci gaba da gurnani ba sassauci, BIOS bai kai ga karɓar ragama ba. Wadda take tashi ta mutu, ta sake tashi ta mutu, a zargi RAM, ko akwatin wuta, ko wani ƙarfe da ke taɓa kat-mer. Wadda take ɗan jimawa sannan ta mutu gaba ɗaya, sau da yawa zafi ne.

Sai kuka da ƙiftawa. Tsofaffin HP na ofis, irin su Compaq 6000 Pro da 8200 da 8300 Elite, fitilar gabansu takan koma ja ta riƙa ƙiftawa tare da ƙara, ta tsaya, ta maimaita. Ƙirga. Biyu zafi ne ya yi wa furosesa yawa, huɗu matsalar wuta, biyar RAM, shida sashen hoto, bakwai kat-mer. Dell OptiPlex irin su 760 da 780 suna da lambobi 1 2 3 4 a gaba: in 3 da 4 suka tsaya a kunne, RAM ne, in 2 da 4, katin hoto. Waɗanda suka biyo baya, kamar 7010 da 9020, maɓallin kunnawa ne ke ƙiftawa ruwan goro kashi biyu. Biyu sannan bakwai, an ga RAM amma ya gaza. Uku sannan uku, ba a ga RAM ba sam. A kwamfutocin haɗi, waɗanda aka harhaɗa da sassan kamfanoni daban-daban, doguwar ƙara ɗaya da gajeru biyu ko uku yawanci hoto take nufi, dogayen ƙara da ba sa yankewa kuma RAM. Sababbin kat-mer da yawa suna da 'yan fitilu huɗu a gefe da aka rubuta CPU, DRAM, VGA da BOOT, wadda ta tsaya a kunne nan ciwon yake. Tunda kowane kamfani da tsarinsa, rubuta sunan samfurinka da adadin ƙiftawar a waya, ka nemi littafin kamfanin a intanet ka tabbatar.

Sauke ragowar wuta, rage mata kaya

Kashe kwamfutar, cire wayar wuta daga bayanta, danna maɓallin kunnawa ka riƙe kamar daƙiƙa 30. Wannan yana zubar da wutar da ta rage a cikin kwandansa, wato 'yan gwangwanayen da ke tara wuta. Cire duk abin da ke maƙale a waje: firinta, sikana, kebul na intanet, filashi, modem, har da linzami. Bar wayar wuta da ta ekran da kilabiye kawai, ka kunna. Filashi ɗaya da ya ƙone, ko ramin USB da harshensa ya karye alluransa suka haɗu, ya isa ya tsayar da kwamfuta. Haska tocila cikin kowane rami ka duba.

A nan dole a yi maganar wutarmu. Ginshiƙin wutar arewacin Kamaru shi ne madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka gama a 1982, mai ƙarfin megawat 72. In ruwa ya ja baya a bazara, rabon wuta ake yi unguwa-unguwa, jama'a su koma janareta da sola. A Njamena da Kusiri ma ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ce. Wutar da ta dawo da ƙarfi, da wadda ta yi sanyi har ƙwan fitila yana ja, da ta ƙaramin janareta da ake raba wa firij da injin kwafi, duk suna iya kunna fanka su kasa tayar da furosesa. Don gwaji, cire kwamfutar daga doguwar soket mai ramuka da yawa, ka ba ta soket ɗin bango ita kaɗai lokacin da wuta take tsaye. In a kan ondila take, wato na'urar da ke riƙe mata wuta in an ɗauke, kuma batirinsa ya tsufa, tsallake shi na ɗan lokaci ka gani.

Buɗe akwati: RAM ne babban abin zargi

Kafin ka sa hannu ciki, wayar wuta ta kasance a cire. Taɓa ƙarfen akwatin da tafin hannu, kuma ka riƙa maimaitawa. Lokacin hunturu iska a bushe take, jikin mutum yana tara wannan wutar da kan yi tartsatsi in ka taɓa ƙofar mota, kuma wadda ba ka ma ji ba ta isa ta kashe RAM. Ɗauki hoton cikin da wayarka kafin ka cire komai.

Duba da ido da hanci tukuna. Ƙauri alama ce. Wayar da ɓera ya ci, tsaka da ta mutu a kan faranti, gidan zanzaro a kusurwa, duk ana samu. Share ƙura da buroshi, in kana da abin hura iska ka yi amfani da shi a waje, ka riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Kada ka hura da baki, yawu yana bi.

A ganina, in ekran da waya sun fita daga zargi, RAM ne ya fi kowa yawan laifi a wannan yanki namu, kuma yawanci bai mutu ba, zama ne ya ɓace masa. Ƙurar Disamba zuwa Fabrairu tana shiga ramukansa. Zafin Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40 a Garwa da Marwa da Njamena, yana sa ƙarfe ya buɗe da rana ya tsuke da dare. Ga laimar damina da ke sa haƙoransa dusashewa. Ga kuma jijjiga, in an ɗauko kwamfuta a bayan babur.

RAM su ne dogayen sandunan nan sirara da ke tsaye kusa da fankar furosesa, masu sayarwa suna ce musu baret. Buɗe maƙullan da ke gefe biyu, sandar za ta ɗago da kanta. Riƙe ta ta gefe, kada yatsa ya taɓa haƙoran zinariyar. Shimfiɗa ta kan takarda mai tsabta, ka goge haƙoran da robar fensir a hankali, gaba da baya, fuska biyu, har su yi haske. Kakkaɓe burbushin robar tas da buroshi, domin in ya shiga rami ka ƙara wa kanka aiki. In dattin ya kafe, ɗan alkol mai digiri 90 na famasi a kan ƙyalle mai tsabta ya isa, a bar shi ya bushe sarai. Ban da reza, ban da sanfefa, ban da fetur. Na san akwai masu wanke RAM da man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin hanya, su ce yana aiki. Zinariyar da ke kan haƙoran nan siririya ce ƙwarai, kuma fetur yana barin maiƙo yana cin roba. Share ramukan ma da busasshen buroshi.

Mayar da sanda ɗaya tak, a ramin da aka rubuta DIMM1 ko XMM1. Akwai tsaga a tsakanin haƙoran da dole ta dace da ɗan tudun da ke cikin ramin. Danna gefe biyu da manyan yatsu har maƙullan su rufe da kansu, ka ji ƙas. Yana buƙatar ƙarfi fiye da yadda sabon hannu yake zato, kuma sandar da ta shiga rabi ita ce ke kawo daidai wannan ciwon da muke magana a kai. Sa wuta ka kunna. In hoto ya fito, kashe, cire wuta, ƙara ta biyu. In bai fito ba, gwada wannan sandar a wani rami, sannan ɗaya sandar a ramin farko. Da haka za ka gane ko sanda ce ta mutu ko rami.

Akwai gwaji ɗaya da nake so ƙwarai: cire RAM duka ka kunna. Kwamfutar da kat-mer da furosesarta ke da rai za ta yi kuka ko ta ƙifta, tana ƙorafin rashin RAM. Wannan kukan albishir ne. In ta yi shiru alhali tana da 'yar lasifikar ciki, zargi ya koma kan akwatin wuta ko kat-mer.

In matsalar ta fara ne daga ranar da ka ƙara sabon baret, karanta takardar da ke jikinsa. DDR2 da DDR3 duk haƙora 240 gare su amma tsagarsu ba wuri ɗaya take ba, DDR4 kuma 288 ne, kada ka tilasta wanda bai shiga ba. In ka ga lamba kamar PC3-10600R, harafin R ɗin nan na manyan kwamfutocin saba ne, masu yi wa sauran kwamfutoci hidima, yana shiga ramin amma kwamfutar ofis ba ta tashi da shi. Naka mai U ne a ƙarshe. Irin waɗannan suna yawo a kasuwar gwanjo da arha. Tsofaffin Core 2 Duo kuma sukan ƙi baret ɗin giga 4 mai baƙaƙen ƙwayoyi takwas a jikinsa, sai mai goma sha shida. Wanda ya haɗa sabuwar kwamfuta mai DDR5 ya yi haƙuri a tashin farko, takan ɗauki mintoci ekran na baƙi tana daidaita kanta.

Batirin agogo da saitin BIOS

A kan kat-mer akwai batir fari mai faɗin kwabo, CR2032, volt 3. Shi ke riƙe agogo da saitin BIOS in an cire wuta. Kwamfutocin gwanjo da yawa da batirinsu na asali suke zuwa, wasu sun haura shekara goma. In kwanakin baya agogon kwamfutarka yana komawa wata tsohuwar shekara, ko tana neman ka danna F1 kullum, batirin ne yake sallama. Wasu samfuran in ya yi sanyi ba sa nuna komai. Haka kuma ɗaukewar wuta a tsakiyar tashi tana iya hargitsa saitin.

Wuta a cire, tura ɗan ƙarfen da ke riƙe da batirin, zai fito. Riƙe maɓallin kunnawa daƙiƙa 30, jira minti biyar, sa sabo, fuskar da ke da alamar + tana sama. HP na ofis suna da maɓalli rawaya a kan faranti da aka rubuta CMOS, a danna shi daƙiƙa biyar. Bayan haka kwamfuta takan tashi ta mutu sau ɗaya ko biyu da kanta, bar ta. In hoto ya fito, shiga BIOS ka gyara kwanan wata: F2 a Dell, F10 a HP, F1 a Lenovo, Suppr ko Del a na haɗi. In Windows ya ƙi tashi bayan wannan, duba saitin SATA a cikin BIOS, wato yadda kwamfuta ke magana da disk, mai yiwuwa ya sauya tsakanin AHCI da IDE ko RAID, mayar da shi yadda yake. Gargaɗi ɗaya ga kwamfutocin ma'aikatu da ƙungiyoyi: in an kulle disk da BitLocker, tana iya neman mabuɗi mai lamba 48, don haka a tabbata yana hannu kafin a taɓa batir.

Katin hoto

In akwai kati, cire sukurun da ke riƙe da shi a baya, danna maƙullin da ke ƙarshen raminsa, zare shi. Sa wayar ekran a ƙofar sama ka kunna. Hoto ya fito, laifin kati ne ko zamansa: goge haƙoransa kamar na RAM, share fankarsa, mayar. Manyan katuna suna da wayar wuta tasu mai ramuka 6 ko 8, a tabbata tana ciki. Sai dai ba kowace furosesa ce ke iya fitar da hoto ita kaɗai ba. Intel masu harafin F a ƙarshe, kamar i5-9400F, da Xeon da yawa, da Ryzen na kafin jerin 7000 waɗanda ba su da G, ba sa ba da hoto ta ƙofar sama ko da ƙofar tana nan. Su sai dai a gwada da wani kati.

Akwatin wuta

Fara da wayoyinsa. Babbar mai ramuka 24 ta zauna daram. Akwai kuma ƙarama mai ramuka 4 ko 8, wayoyinta rawaya da baƙi, kusa da furosesa. In an manta da ita bayan shara, fanka za ta juya, fitila ta kama, ekran baƙi. Duba bayan akwatin kuma: wasu tsofaffi suna da jan maɓalli mai 115 da 230. Namu 230 ne, shi ya dace da wutarmu ta 220. Kwamfutar da ta zo daga Amurka a kan 115, in aka sa mata wutarmu, nan take akwatin zai ƙone, saboda haka a duba tun ranar saye.

Dell da yawa suna da ɗan maɓalli da fitila a bayan akwatin wuta. Danna ka riƙe, in fitilar ta yi kore fanka ta juya, akwatin ya ci gwajinsa. Mai maltimita ya auna kwamfuta tana kunne: baƙar waya ita ce ƙasa, rawaya ta ba da tsakanin 11.4 da 12.6, ja tsakanin 4.75 da 5.25, ruwan lemo kusan 3.3. Gwajin nan da ake haɗa koriyar waya da baƙa da ɗan ƙarfe yana nuna akwatin yana kunnuwa ne kawai, bai nuna zai iya ɗaukar kaya ba. Kuma kada a yi shi a kan HP da Dell masu ƙananan kawuna na ramuka 6 ko 8, tsarin wayoyinsu daban ne. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a sa wani akwatin da aka san lafiyarsa. Shi kansa akwatin kada ka buɗe shi. Manyan kwandansan cikinsa suna riƙe wutar da ta haura volt 300 ko bayan an cire fulogi.

Abin da ya rage

In duk wannan bai yi ba, cire disk da na'urar CD da duk wani kati, a bar kat-mer da furosesa da fankarta da baret ɗaya da akwatin wuta. Haska kwandansan da ke kewaye da furosesa. Kansu ya kamata ya zama a shafe. Wanda ya kumbura ko ya fitar da abu ruwan ƙasa ya mutu, kuma mai gyaran rediyo da talabijin da ya iya hannunsa zai canza shi da mai lamba iri ɗaya. In matsalar ta biyo bayan tsawa ce a damina, duba kewayen ramin kebul na intanet, ta nan takan shigo.

Furosesa ba ta cika mutuwa ba, shi ya sa na bar ta ƙarshe. In alamun zafi ne, ɗaga fankarta, goge tsohon man da ya bushe, sa sabo kaɗan a tsakiya, ɗaure kusurwa huɗu daidai. Man goge baki ba ya maye gurbinsa. Ita furosesar kada ka ɗaga ta in ba dole ba, domin a kat-mer na Intel alluran suna cikin gurbin ne, sun fi dubu a irin su LGA 1155, kuma ɗaya in ta lanƙwashe gyaranta sai gwani.

Wani lamari daban shi ne tambari ya fito sannan ekran ya yi baƙi. Nan kayan ciki sun wuce gwaji, maganar Windows ce. Danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B a tare, yana sake tayar da direban hoto, wato shirin da Windows ke sarrafa sashen hoto da shi. Windows da P kuma yana sauya inda hoto ke zuwa, in kwamfutar ta saba da majigi ko ekran na biyu. In ekran ya rubuto "Out of range" ko "Hors plage", girman hoton ne ya fi ƙarfinsa. Shiga Mode sans échec, wato yanayin da Windows ke tashi da abubuwan dole kawai: a Windows 7 da F8, a 10 da 11 kuma ka kashe ta da maɓalli tana cikin tashi sau uku a jere, za ta buɗe shafin gyara. Daga can ka rage girman hoto ko ka cire direban da aka sa na ƙarshe.

In ya tabbata sai an je wurin mai gyara, cire disk ɗinka tukuna, ka haɗa shi da wata kwamfuta ta wayar SATA zuwa USB ka kwashe aikin mutane. Gaya wa mai gyaran duk abin da ka gwada da adadin ƙiftawar da ka ƙirga. In ya ce kat-mer ce ta mutu, roƙe shi cikin mutunci: "Malam, don Allah a gwada da wani RAM da wani akwatin wuta a gabana." Mai gaskiya ba zai ƙi ba. In kuma ta mutu ɗin, tambayi kuɗin kwamfutar gwanjo irin taka sak kafin ka sayi faranti shi kaɗai, domin farantin Dell da HP sai ya dace da samfuri da girman akwati, kuma samunsa a Garwa ko Marwa kan ɗauki lokaci. In ka sami samfuri iri ɗaya da naka, mayar da disk ɗinka da baret ɗinka ciki, yawanci Windows zai tashi da shirye-shiryenka da firintarka yadda ka bar su.